Akuyar Malam Fara Ce

Juma'a, 3 ga Oktoba, bayan la'asar

Likita ya ce in samu littafi in riƙa rubuta abin da Malam ya ci, da lokacin da ya sha magani, da duk abin da ya fito daga bakinsa. To ga littafi. Nasa ne na shirya darasi, na tarar rabinsa babu rubutu. Shi ya koya min karatun boko shekarar da aka kawo ni gidan nan, ina yi ina tsaki. Ga shi yau ya yi min rana.

Ya sha kunu rabin kofi. Ya sha magani. Abin da ya fito daga bakinsa: babu.

Kwana goma muka yi a asibitin birni. Ba zan rubuta kwanakin nan ba. Abu ɗaya kawai. Mai rubuta kati ya tambaye ni sunana, na tsaya ina kallonsa kamar sunan wata ya tambaya. Aina'u. Tun rasuwar Innata ban ji an kira shi ba. Mutanen gari Maman Nazira suke ce min. Malam kuwa shekara talatin da ɗaya "Ke" yake cewa, don a gidansu namiji ba ya kama sunan matarsa ta fari, ko da ita kaɗai ce da shi. Ni ma ban taɓa kama nasa ba, kuma ba a littafin nan zan fara ba.

Yanzu ko "Ke" ɗin babu.

Asabar, 4 ga Oktoba, da hantsi

Masu dubiya sun fara. Mata takwas tun kafin in share tsakar gida, kowace da 'yar langarta ta kunu, kowace idonta na kan labulen ɗaki. Ba dubiya ta kawo su ba. Bakin suka zo gani, su ga ta wane gefe ya karkace, su samu na faɗa a bakin rijiya. Na ce yana barci. Na karɓi kunun, na yi godiya, na raka su har zaure. Malaman makarantarsu ma sun zo su huɗu, hedimasta a gaba da ledar lemo. Su ma daga bayan ƙofa na ce yana barci. Mutumin da ya yi shekara talatin yana tsayawa gaban allo da farar riga a goge, ba zan shimfiɗa shi a tabarma kowa ya zo ya sha kallo ba.

Kunu rabin kofi. Magani. Babu.

Litinin, 6 ga Oktoba, da azahar

Babu.

Talata, 7 ga Oktoba, da safe

Yau sati biyu da ranar da ya faɗi.

Ina goge masa hannun nan da ya shanye da ruwan ɗumi, akuyarmu ta yi kuka a turke. Sai na ji murya. Na saki tsumman, na ce Alhamdu lillahi, na matsa kunnena. Na zaci salati ne. Na zaci zai ce "Ke". Ashe waƙar akuya ce.

Duk abin da ke cikin kan mutumin nan, izu nawa na Alƙur'ani, sunan kowane yaro a garin nan da na ubansa, iyakar kowace gona, duk an kwashe, an bar min waƙar akuya.

Shi ya ƙirƙire ta da kansa, shekara ashirin da takwas da suka wuce, don 'yan aji uku su koyi Turanci. Makarantar a bayan katangarmu take, saboda haka kowace safiyar Allah sai na sha ta daga bakin yara saba'in. Ya dawo gida ya yi ta a bayi. Ya yi ta a kan keke. Mahaucin garin nan ya iya ta, mai faci ya iya ta, kuma har yau ban ga wanda ta kai ko Gezawa ba. Ni ban taɓa tambayar ma'anar kalma ɗaya a cikinta ba. Me zan yi da ita?

Ya yi ta daga farko har tsakiya, tsaf, ko gargada babu. Da ya gama na ce, "Malam, ka ce ruwa. Ru-wa." Ya buɗe baki, ya rufe, ya kalli rufin ɗaki.

Laraba, 8 ga Oktoba, bayan la'asar

Alhaji Talle ya zo, yayan Malam, dillalin shanu. Shi ba a ce masa yana barci. Ya bar direbansa Khalilu a zaure, ya shigo da warin kasuwar shanu a jikinsa, ya zauna a kujerar Malam ba tare da an ce ya zauna ba. Mutumin da yake kallon bijimi sau ɗaya ya faɗi nauyinsa, amma lambar wayarsa sai an karanta masa.

Ya kira sunan ƙanensa sau uku. Ya ce, "Ce La'ilaha illallahu." Malam ya yi ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta tashi. Babu. Daga nan, Allah Sarki, sai ya kama waƙar.

Alhaji ya miƙe tsaye. "Maman Nazira, me nake ji haka?"

"Waƙarsa ce ta makaranta, Yaya."

"Na san waƙar makaranta! Mutum ya kasa salati, ya kasa kalmar shahada, amma Turanci na zuba daga bakinsa kamar famfo? Wannan ba ƙanena ba ne yake magana. Aljani ne, kuma Bature. A ajin nan ya faɗi ko ba a nan ba? To a nan ya shige shi."

Na ce likita ya ce jini ne ya hau. Ya ce likita ai nasu ne.

Gobe zai bi tirelar shanu Kudu, zai dawo Alhamis ashirin da uku ga wata. Ya ce in ya dawo bai tarar da ƙanensa cikin hankalinsa ba, ranar Juma'a bayan masallaci zai kai shi gidan wani malami can bayan dutse, a fitar masa da shi. Na san gidan. Ɗan maƙwabciyarmu ya yi wata huɗu a can, ya dawo da tabon mari a idon sawu da zanen bulala a baya, shi da ya tafi da ƙafarsa ma. Can ba a shan maganin asibiti. Mutumin da sai na juya shi a kan tabarma, sati nawa zai yi a wurin?

Na ce ban yarda ba. Ya ce, "Ke aure ya kawo ki. Mu ne jininsa."

Kwana goma sha shida.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da hantsi

Na kira Nazira. Tana Ungogo tana wankan jego, kwananta goma sha biyu da haihuwa, ba inda za ta. Ta yi kuka, na ce ta yi min shiru. Ta ce, "Inna, ki duba bayan littafin nan. Kowane littafinsa sai ya rubuta waƙar a baya, da ma'anarta. Wataƙila wani abu yake son faɗa miki da ita."

Na ce me mutum zai faɗa da akuya?

Na dai duba. Tana nan, Turancin da baƙin biro, Hausar da ja, rubutun nan nasa mai kamar an jera ƙwai. Na kwafa:

I have a goat, my goat is white.
I give her water morning and night.

Wai: ina da akuya, akuyata fara ce, ina ba ta ruwa safe da dare. Akuyarmu ja ce. Tun da nake a gidan nan ba mu taɓa yin farar akuya ba. Shekara ashirin da takwas yana yi wa 'ya'yan mutane ƙarya.

Asabar, 11 ga Oktoba, da azahar

Yau layi na biyu kaɗai ya yi ta maimaitawa, yana kallon randa. Na buɗe littafin, na bi jan biron da yatsa. Water, ruwa. Na ɗebo masa. Ya shanye kofi biyu.

Ban ji daɗi ba, kada ma wani ya zata. Haushi na ji. Tun ranar Talata ke nan mutumin nan yake roƙona ruwa ina ce masa ya yi shiru.

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan la'asar

Baiti na biyu:

The sun is hot, the tree is cool.
Open the door, we go to school.

Rana da zafi, bishiya da sanyi, buɗe ƙofa mu tafi makaranta. Basira ke nan. Sai an je aji uku kafin a san rana da zafi.

In ya yi layin farko, so yake in ja tabarmarsa zuwa gindin darbejiya. In ya yi na ƙofa, bayi yake son zuwa. Wannan sai da na wanke zani biyu kafin na gane. Hot, zafi. Door, ƙofa. Tree, bishiya. Ga ni da furfura, da jikoki huɗu, ina haddar aikin 'yan shekara takwas ina tsintar wake.

Tuwo loma shida. Magani. Abin da ya fito daga bakinsa: shirme, amma shirme mai amfani.

Talata, 14 ga Oktoba, da safe

Sati uku. Yara na yin ta a bayan katanga, sabon malami ya karɓi ajin. Ya ja ta kamar mai kukan mutuwa. Malam ya juya fuskarsa bango, ya ƙi kunu. Na rufe taga.

Laraba, 15 ga Oktoba, da hantsi

Ba ya iya fara baiti na uku da kansa, sai an ɗora masa. Na leƙa zaure, na leƙa katanga, babu kowa, sannan na yi ƙasa da murya na ɗora. Ni. Da bakina.

Yesterday I went, today I go,
Tomorrow I will go with my hoe.

Jiya na tafi, yau ina tafiya, gobe zan tafi da fartanyata. Na ce yesterday I go. Sai kawai ya ɗaga hannun hagu ya buga tabarma, fau! Na sake. Ya sake bugawa, yana harara ta da idon nan mai kyau. Na kira Nazira na ce ubanki ya fara duka. Ta yi dariya har jaririn ya farka. Ta ce, "Inna, in jiya ce ba go ake cewa ba, went ake cewa. Haka yake buga mana tebur."

Wane irin yare ne wannan, tafiyar jiya da ta yau ba su ko yi kama ba? Mu "tafi" ɗaya ya ishe mu jiya da yau da gobe, kuma muna isa inda za mu.

Na ce went. Ya ajiye hannun, ya gyaɗa kai sau ɗaya, irin na mutumin da ya sha wahala da daƙiƙi. Mutum ba ya iya riƙe cokali, amma yana iya gyara min Turanci. Na shiga madafi na zauna har wutar ta mutu. Ban san me ya same ni ba. Hayaƙi ne.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan la'asar

Na baza gyaɗa a bayan rumbu, na shiga ɗaki ina ninke kaya. Sai na ji goat, goat, goat, da ƙarfi, babu sauran waƙar. Na kawo ruwa, ya ture kofin. Goat! Na juya, ashe ja'irar ta tsinke igiya, kanta na cikin gyaɗar har wuya.

Na kira Alhaji a waya nan take, hayaniyar kasuwa na tashi a bayansa. Na ce, "Yaya, yana cikin hankalinsa. Ya ga akuya na ɓarna ya gaya min. Yana roƙon ruwa. Har gyara yake min."

Ya ce, "Da wane yare?"

Na ce da na waƙar.

Ya ce, "To kin gani. Har ke ya fara koya miki. Maman Nazira, ki yi hattara, haka suke kama na kusa. Abin da aka haddace ko aku ya iya. Ya kira ni, ya san ni, shi ne hankali."

Ya kashe. Dillalin shanu yana yi min bayanin hankali.

Asabar, 18 ga Oktoba, da safe

Na kwana da maganarsa, don a cikin shirmen nasa akwai inda ya taɓa gaskiya. Ya kira mutum ya san shi. To akwai baiti na ƙarshe, wanda Malam ba ya kaiwa:

Who is here? Who is here?

Wa ke nan? A ƙarƙashinsa ya ja layi ya bar gurbi, sannan is here. Nazira ta ce da shi yake kiran suna kowace safiya. Ya nuna yaro, a sa sunansa a gurbin. Wanda ya makara kuma a yi masa who is late, wa ya makara, aji duka na tafi. Ta ce Khalilu direban Alhaji shekara guda cur shi ne mai wannan layin, har yau tsaransa suna tsokanarsa da shi.

Wannan ba hadda ba ce. Sai ka ga mutum ka san shi kafin ka cika gurbin. In ya yi wannan a gaban Alhaji, an gama.

Na zauna a gabansa, na ɗora, na nuna ƙirjina. Ya bi ni: who is here, who is here. Da aka zo gurbin sai ya tsaya. Ya kalli ƙasa.

Na yi sau bakwai. Sau bakwai yana kallon ƙasa.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da azahar

Na yi sau goma. Ƙasa.

Litinin, 20 ga Oktoba, bayan la'asar

Ranar komawa asibiti. Mai adaidaita ya kawo mu gida yanzu, Malam ya gaji liƙis. Likita ya ce ya sha ganin irin haka, wai inda waƙa take zaune a kai daban, inda magana take daban, in ci gaba da yi da shi, wata rana ɗaya za ta ja ɗaya. Ya rubuta min takarda in nuna wa dangi. Da Turanci. Takardar da za ta tabbatar wa Alhaji babu Bature a jikin ƙanensa, an rubuta ta da Turanci. Masu ilimi ke nan.

Na gane kalma biyu a ciki. Ban gaya wa kowa ba.

Talata, 21 ga Oktoba, da hantsi

Sati huɗu.

Bari in rubuta, tunda babu mai karantawa. Ranar nan da safe ina dama kunu, kaina na ciwo, shi kuma yana ɗaure ƙafar wando zai hau keke, yana waƙar nan. Na ce, "Wai ni kam Malam, yaushe bakin nan naka zai yi shiru mu huta?" Ya yi dariya. Ya ce, "Ke, ranar da ya yi shiru za ki neme shi." Ya fita. Kafin azahar aka shigo da shi a kan ƙyauren aji.

Shi ke nan. Na rubuta. Ba na son a yi min maganar ƙaddara, na san ta.

Na yi masa gurbin sau biyar. Ƙasa. Wataƙila ya manta ni ne. Wataƙila kuma bai manta ba, shi ya sa.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan la'asar

Alhaji ya dawo. Bai shigo ba, daga zaure ya ɗaga murya: a haɗa kaya, riga uku da bargo, gobe bayan masallaci. Na miƙa takardar likita ta bayan ƙofa. Ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya dawo min da ita. Na je gidan liman, ya ce maganar dangi ce. Na je gidan mai unguwa, yana gona. Kullum ana nemansa yana gona, mutumin da ko fartanya ba ya iya riƙewa.

Da na dawo Malam na gindin darbejiya, ya ji komai. Sai ya ɗora da kansa, a hankali, rabin layi kawai: tomorrow I will go. Babu fartanya. Hawaye na bin gefen nan da ba ya motsi.

Na kira Nazira na ce yaya ake cewa ba za ka ba. Ta ce a sa not bayan will, a ce you maimakon I. Na durƙusa a gabansa na ce, "You will not go."

Bai buga tabarma ba. Daidai na faɗa ke nan.

Sannan na shiga ɗaki na ninke riga uku da bargo, don ban san da me zan tare su ba.

Juma'a, 24 ga Oktoba, kafin magariba

An sauko masallaci ƙarfe biyu da rabi, ba su zo ba sai bayan la'asar. Tun daga zaure nake jin Alhaji na zagin Khalilu, wai ya shanya shi a bakin titi awa biyu. Suka shigo su biyu. Khalilu ƙato ne yanzu, da tumbi da furfura a gemu, amma da ya ga Malam a tabarma sai ya cire hula ya rasa inda zai sa idonsa. Alhaji ya ce, "Kama ƙafafun, ni in kama kafaɗa." Mata sun cika bakin katanga. Sun samu kallon da na hana su sati uku.

Suka ɗaga shi. Hannun nan ya zube yana lilo.

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na tsaya a tsakiyar gidan nan, a gaban yayan mijina, a gaban matan gari, na buɗe murya kamar 'yar aji uku. Tun daga farar akuya na ɗauko. Wata ta yi dariya a katanga, na ji ta, na kuma san ko wace ce. Alhaji ya ce, "Innalillahi, ya kama ta!" Amma Malam ya karɓa. Muka bi rana da bishiya, muka bi jiya da gobe, na ce went a inda ake cewa went. Da muka zo baitin ƙarshe ban nuna kaina ba, na gaji da wannan. Na nuna Alhaji.

Who is here? Who is here?

Malam ya ɗaga ido ya kalli wanda ke riƙe da kafaɗarsa. Ya ce, "Yaya is here."

Kafin in yi numfashi ya juya ido kan mai riƙe da ƙafafun, ya ɗora da kansa: who is late, who is late. "Khalilu is late."

Khalilu ya ajiye ƙafafun a hankali, ya zauna daɓas a ƙasa, yana dariya yana share fuska da hula. Yana cewa, "Wallahi ni ne, Malam. Wallahi na makara."

Alhaji bai saki ba. Fuskarsa ta canza, amma taurin kai gadon gidansu ne. Ya ce, "Aljanu ma ai sun san sunan mutane. Tashi ka kama."

Ni dai na ƙare. Babu sauran baiti, babu sauran wanda zan nuna. Sai na ji Malam ya sake ɗorawa, shi kaɗai. Who is here. Ni yake kallo. Who is here. Da ya zo gurbin ya tsaya kamar kullum, na ga idon zai tafi ƙasa. Bai tafi ba. Ya cika gurbin.

A gaban yayansa. A gaban mata goma sha wani abu.

Sai Malam ya ɗaga hannun hagu ya rufe fuskarsa da shi, ya juyar da kai, kunnensa har wani rawa yake.

Alhaji ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya durƙusa ya kwantar da shi a tabarmar da kansa, ya gyara masa matashi. Ya ce, "Aljani ba ya jin kunya. Wannan ƙanena ne. Tun yana yaro haka yake rufe fuska." Ya miƙe, ya kakkaɓe riga, bai kalle ni ba. Daga bakin zaure ya ce, "Maman Nazira, in maganin ya ƙare a aiko."

Ashe duk kwanakin nan ba mantawa ya yi ba. Ni ce daƙiƙiyar. Na zauna a gaban mutum ina nuna ƙirjina, ina neman ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba tun ina amarya, na kuma hana kowa shigowa balle ya samu wani sunan da zai kira.

Shekara talatin da ɗaya. Da lafiyarsa, da bakinsa, da Hausarsa, bai iya ba. Sai da aka ɗaga shi sama kamar buhu, sai a cikin waƙar akuya, sai da Turanci. Na gaya masa haka ɗazu ina mayar da rigunan cikin akwati. Na ce kuma akuyar ja ce, gobe za mu gyara baitin. Ya buga tabarma.

Ya sha kunu kofi ɗaya da rabi. Ya sha magani. Abin da ya fito daga bakinsa: Aina'u.